Ruwan wankin jijiyar haƙori da zafin arewa

A arewacin Kamaru, daga Ngaundare zuwa Garwa, daga Marwa zuwa Kusiri, har a haye gada a shiga Njamena ta Chadi, akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanenmu: haƙori in ya yi kogo ya fara hana barci, maganinsa cirewa. In likita ya ce akwai wata hanya, a kashe jijiyar, a wanke cikin, a cike, haƙori ya ci gaba da zama a mazauninsa, sai mai ciwon ya girgiza kai. "Likita, haka aka yi wa yayana. Bai shekara ba kumatunsa ya kumbura, ƙarshenta cirewar aka yi. Kuɗi biyu ya biya." Mai wannan magana ba ƙarya yake yi ba. Hakan na faruwa, kuma haƙori ɗaya da aiki ya lalace a kansa ya isa ya tsorata dangi guda.

Dalilan lalacewar suna da yawa: ramin da ba a gano ba, cikon da bai kai ƙarshe ba, haƙorin da ya tsage. Amma akwai ɗaya da ba a cika zancensa ba, domin mai ciwo ba ya ganinsa, hoton haƙori ma ba ya nuna shi. Shi ne ruwan da aka wanke cikin saiwar da shi: wane iri ne, nawa ƙarfinsa, ya daɗe a ciki ko bai daɗe ba, ya kai ƙasa ko ya tsaya a sama. A ganina wannan tambaya ta fi nauyi a wurinmu fiye da ƙasashen sanyi da aka rubuta littattafan aikin a cikinsu.

A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai ƙashinsa, a tsakiyar ƙashin kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai taushi, da hanyoyin jini, da jijiyoyin jin zafi. Su ne muke haɗawa gaba ɗaya mu ce jijiya. Daga wannan ɗaki siraran ramuka ke gangarawa cikin kowace saiwa har ƙarshenta, inda ƙofar fita ba ta cika wuce sulusin milimita ba. Haƙorin gaba na sama rami ɗaya gare shi. Turmin ƙasa uku ko huɗu. Turmin sama na farko sau da yawa yana da na huɗu a ɓoye, sai mai haƙuri ke gano shi. Ramukan kuma ba miƙaƙƙu ba ne yadda ake zana su a allon makaranta. Suna lanƙwasa, wasu a baje suke ta gefe, wasu suna sadarwa da juna ta wata siririyar tsaga, kusa da ƙarshe kuma sukan yi rassa. Bangon ramin kansa cike yake da ƙananan ƙofofi, dubbai a kan dubbai a kowace milimita murabba'i, kowace da faɗin da ƙwayar cuta za ta shige ta zauna.

Ƙwayar cutar ita ce tushen al'amarin. A 1965 Kakehashi da abokan aikinsa a Amurka suka huda haƙoran ɓeraye iri biyu: na gama-gari, da waɗanda aka haifa aka raina a inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Na farkon jijiyarsu ta mutu, mugunya ta taru a ƙarshen saiwa. Na biyun, duk da abinci na cushe musu ramin, jijiyar ta warke. Tun daga nan aka tabbatar cewa abin da ke kumbura fuska ba ramin ba ne, ba kuma tsutsar da masu hayaƙi ke cewa suna fitarwa a kasuwa ba. Bakteriya ce. Ba kuma yawo take yi ɗai-ɗai a cikin ramin ba. Manne take da bango a cikin wani yauƙi da ita kanta ke yi, wanda ke kāre ta daga magani. Shi ya sa ƙwayoyin da ake saya a teburin bakin hanya ke sauke kumburi na mako biyu ya dawo: jini ba ya shiga matacciyar jijiya, maganin da aka haɗiya kuwa ta jini yake tafiya.

Abin da mai ciwo ke gani a hannun likita shi ne siraran ƙarafan nan masu kama da allura, da ake sawa ana kankare ramin, ƙarami sannan babba. Da yawa suna zaton su ne ke tsabtace haƙorin. A 2001 Ove Peters da abokansa a Zurik suka ɗauki hoton cikin turame kafin kankara da bayanta, suka tarar kashi 35 cikin ɗari na bangon, ko fiye, ƙarfe bai taɓa shi ba, da ƙarafan zamani masu juyawa da inji kuwa. Zagayayyen ƙarfe ba zai share lungu ba.

Wanda ya taɓa ganin gyaran gora zai gane. Bakinta ƙanƙane, hannu ba ya shiga. Ana sa tsinke a ƙwaƙule abin da ya kai gare shi, amma sauran aikin ruwa ke yi: a zuba a bari totuwar ta jiƙa ta saki, a sa tsakuwa a girgiza, a zubar, a sake zubawa, har ɗacin ya fita. Ƙarfe a haƙori hanya yake buɗewa domin ruwa ya sami shiga.

Ana son ruwan ya narkar da mataccen nama, ya kashe bakteriya har cikin yauƙinta, ya kwaso garin da kankara ta bari, kuma kada ya cuci haƙorin ko naman da ke kewaye da shi. Har yau babu ruwa ɗaya da ya haɗa duka. Amma akwai wanda ya fi kowa kusa, kuma babu gidan da bai san shi ba a arewa: jabel. Sunansa na kimiyya sodiyam hipokulorit. Shi ne wanda mata ke sa wa farin kaya, shi ne wanda aka riƙa zubawa a bokitin wanke hannu a ƙofar asibitoci lokacin kwalara ta 2010 da 2011, a Arewa Mai Nisa da Chadi. An fara yin jabel a ƙarshen ƙarni na 18 a wata unguwa mai suna Javel a gefen Paris. A yaƙin duniya na farko, a 1915, Henry Dakin, masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila, da Alexis Carrel, likitan fiɗa ɗan Faransa, suka tsarma shi zuwa kashi 0.5 cikin ɗari suna wanke raunukan sojoji. Ruwan Dakin mai launin hoda da ke farmasi a yau daga nan ya samo asali. Ba a daɗe ba likitocin haƙori suka ɗauka.

Abin da ya ɗaga jabel sama da sauran shi ne narkar da nama. A 1941 Grossman da Meiman suka jefa jijiyar haƙori a cikin mai ƙarfin kashi 5, ta narke tsakanin minti 20 zuwa awa biyu. Babu wani ruwan wankin rami da ake aiki da shi yau da gobe mai wannan hali. Muhimmancinsa a fili yake: guntun naman da ya maƙale a tsagar da ƙarfe bai shiga ba shi ne abincin bakteriyar da ta rage, in ba a narkar da shi ba an rufe ta da guzurinta. Game da kisa kuma, Byström da Sundqvist a Umeå ta Siwidin sun gwada a bakin mutane. A 1983 suka ba da sakamako: cikin ramuka 15 da aka wanke da ruwan gishirin asibiti, 8 ne ba a sami bakteriya a cikinsu ba a zama na biyar; cikin 15 da aka wanke da hipokulorit mai kashi 0.5, 12 ne.

Nawa ya kamata ƙarfinsa ya zama? Nan masana suka rabu, kuma har yanzu ba su haɗu ba. A Amurka an saba da kashi 5.25 zuwa 6. A ƙasashen arewacin Turai an daɗe ana aiki da 0.5 zuwa 1. Da yawa sun tsaya a tsakiya, 2.5 zuwa 3. Su Byström ɗin a 1985 ba su ga bambancin kisa tsakanin 0.5 da 5 a cikin rami ba. Mai ƙarfi ya fi saurin narkar da nama, amma in ya daɗe yana raunana ƙashin haƙori, in kuma ya tsallake ƙarshen saiwa ɓarnarsa ta fi muni. Marar ƙarfi ya fi aminci, sai dai kulorin ɗin da ke cikinsa, wato sinadarin da ke yin aikin, na ƙarewa cikin 'yan mintoci da zarar ya gamu da nama da jini, don haka dole a yi ta sabuntawa, a ba shi lokaci. Ni dai na fi natsuwa da tsakiyar. Amma duk wannan muhawara ta ginu ne a kan zaton cewa abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne abin da ke cikinta. A nan arewa wannan zaton ne ke rushewa.

Hipokulorit ba ya zama lafiya a kwalba. Tun ranar da aka yi shi yake ta lalacewa a hankali, yana komawa ruwan gishiri da wasu sinadarai marasa amfani ga wannan aiki. Abubuwa huɗu ke hanzarta shi: zafi, hasken rana, iska, da ɓurɓushin ƙarfe irin su jan ƙarfe da baƙin ƙarfe a cikin ruwan da aka tsarma da shi. Zafin ne babba. Ga jabel mai kauri, duk ƙarin digiri 10 na ninka saurin lalacewar wajen sau uku. Ranar ƙarewar da kamfani ya buga kuwa lissafin ɗaki mai sanyi ne. A Garwa da Marwa da Njamena, daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40 a inuwa. A tuna da tafiyar da kwalbar ta yi daga Duwala a bayan babbar mota, da kwanakin da ta yi a shagon kwano, da kantar da rana ke duka ta taga. Wanda kuma ake ɗurawa a tsohuwar robar ruwan sha mai haske a jera a bakin titi, shi kam ba a san ƙarfinsa ba tun ranar farko, rana kuma ta cinye sauran.

Abin da ke damuna a nan shi ne lalacewar ba ta da alama. Ruwan na nan da launinsa, hanci na jin warinsa, domin kulorin kaɗan ya isa ya yi wari. Ma'aikaci mai gaskiya zai cika sirinji, ya wanke da zuciya ɗaya, yana zaton kashi 2.5 ne a hannunsa alhali bai kai rabin haka ba. Zai cike ramin, hoto ya fito da kyau, mai haƙori ya tafi yana godiya. Sai bayan watanni wani ɗan ƙurji ya ɓullo a dasashi.

Zafin nan da ke kashe shi a ajiya shi ne kuma ke ƙara masa kaifi a lokacin aiki. A 2005 masu bincike a Zurik suka nuna cewa mai kashi 1 da aka ɗumama zuwa digiri 45 yana narkar da jijiya daidai da mai kashi 5.25 a digiri 20. Ba saɓani ba ne: zafi na hanzarta duk abin da sinadarin zai yi, aikinsa da mutuwarsa. In an ɗumama sirinji a ruwan ɗumi minti kaɗan kafin zubawa, an ci riba. In kwalbar ce ta yi wata uku tana ɗumama a kan kantar shago, an yi asara. Ajiyar da ta dace ba ta da tsada: roba mai duhu wadda haske ba ya ratsawa, murfi a rufe gam, wuri mafi sanyi a ɗakin, firiji in wuta ta yarda. A sayi kaɗan-kaɗan, a duba ranar da aka yi shi, a rubuta ranar buɗewa a jiki. A tsarma na yini ɗaya kawai, da tataccen ruwa, wanda ya kwana a zubar. Akwai takardun gwaji da ƙananan kayan awon kulorin irin waɗanda ma'aikatan ruwa da na kwalara ke aiki da su. Ban ga abin da zai hana ɗakin haƙori ya mallaki irinsu ba.

Sai ruɗanin lamba. Ƙasashen da Faransa ta raina sun gaji awon ƙarfin jabel da digiri (ba digirin zafi ba), littattafan haƙori kuwa da kashi cikin ɗari suke magana. Digiri ɗaya kimanin giram 3.17 ne na kulorin a lita. Kwalbar da aka rubuta wa digiri 12 wajen kashi 3.6 ce, mai digiri 9 wajen 2.6, mai digiri 36 wajen 9.6. Wanda ya ga 12 ya ɗauka kashi 12 ne, ya tsarma sau biyar yana neman 2.5, ya ƙare da abin da bai kai kashi 1 ba, kafin ma a cire abin da rana ta ci. Wanda ya yi kuskuren ta ɗaya gefen kuma, ya ɗauki mai kauri ya zuba yadda yake, ya jefa mai ciwo cikin haɗari. Game da jabel na gida, an daɗe ana aiki da shi a ɗakunan haƙori har a Amurka, kuma ba laifi ba ne in tsantsa ne, na kamfani, mai lamba a jiki. Mai turare, mai kumfa, ko mai kauri kamar sabulu ba na baki ba ne.

Da yawan ma'aikata a yankinmu Dakin suka riƙe, domin yana farmasi, a rufe yake daga kamfani, kuma ba ya ba da tsoro. Zaɓi ne mai hujja. Sai dai a san abin da aka zaɓa: kashi 0.5 ne, yana kisa amma yana jinkirin narkarwa, yana saurin ƙarewa a rami. Mai aiki da shi sai ya yawaita zubawa, ya tsawaita zama, ya ɗumama in ya samu hali. Sirinji ɗaya na Dakin ga turmi mai rami uku kurkure ne kawai.

Ruwan gishirin asibiti yana kore gari, shi ke nan. Ba ya kisa, ba ya narkarwa. Amfaninsa kurkura tsakanin magani da magani. Ruwan oksijene mai kumfa an daɗe ana musanya shi da jabel ana jin daɗin yadda yake tafasowa, amma kumfar ba ta ƙara tsabta, su biyun suna kashe ƙarfin juna, iskar kuma na iya shiga cikin nama ta kumbura shi. Yawancin makarantu sun bar shi.

Abin da jabel ba ya iyawa shi ne ƙashi. Kankara na barin wata laka a bango, haɗin garin haƙori da nama da bakteriya, wadda ke liƙe ƙananan ƙofofin nan ta rufe abin da ke ciki. McComb da Smith ne suka bayyana ta a 1975. Jabel na cinye ɓangaren naman lakar ya bar garin. Maganin garin shi ne wani ruwan sinadari da ake kira EDTA, wanda Nygaard-Østby ɗan Norwe ya shigo da shi aikin a 1957. Yana kama sinadarin kalsiyam ya saki lakar. Ana sa mai kashi 17 na kamar minti ɗaya bayan an gama kankara. In aka bar shi minti goma sai ya fara zaizaye bangon. Inda babu shi, asid ɗin sitrik mai kashi 10 na yin aikin. Sharaɗi guda: kada a gauraya shi da jabel, domin nan take yake cinye kulorin ɗin. Kowa da lokacinsa. EDTA kwalba ce da ɗakunan haƙori da yawa a arewa ba su da ita, ba don tsada ba, sai don ba a samunta kusa. Sai an aiko daga kudu ko daga ƙetare. Kwalba ɗaya kuwa na yin haƙora masu yawa, kuma zafi ba ya lalata ta kamar jabel.

Kulorheksidin, wanda aka sani a ruwan kurkure baki, shi ma ana sa shi a rami, mai kashi 2. Yana kashe bakteriya, yana mannewa a ƙashin haƙori ya ci gaba da aiki na wani lokaci, kuma ba ya ƙuna kamar jabel. Amma ko ƙwayar zarra ta nama ba ya narkarwa, don haka ba zai maye gurbin jabel ba. Na kurkure baki kuma, mai kashi 0.12 ko 0.2, ba don wannan aka yi shi ba. In ya haɗu da jabel a rami sai wani gari ruwan ƙasa mai ja-ja ya sauko, ya rina haƙori, ya toshe ƙofofi. Wani dogon bincike da aka yi a asibitin Eastman na Landan, aka buga a 2011, ya ga ƙara shi a kan hipokulorit bai ƙara warkewa ba, ragewa ma ya yi. EDTA kuwa ya taimaka, musamman a haƙoran da ake sake wa aiki. 

Ko ruwan ya cika ƙarfinsa, saura ya kai inda ake so. A rami mai toshe a ƙasa, ruwa ba ya wuce bakin allura da fiye da milimita ɗaya zuwa biyu. Iskar da ta maƙale a ƙasa ma na tare shi. Ƙarshen ramin da aka gama kankara faɗinsa wajen milimita 0.25 zuwa 0.35 ne. Allurar da ake yi wa mutum a cinya, mai koren gindi, milimita 0.8 ce, mai shuɗi 0.6. Irin waɗannan a sama suke tsayawa, su wanke baki su bar ƙasa, ƙasan nan kuwa ita ce matattarar cutar. Allurar wankin rami siririya ce, milimita 0.3 zuwa 0.4, bakinta a dakushe, ƙofarta a gefe, ana kai ta kusa da ƙarshe ba tare da ta maƙale ba. Bayan zubawa sai motsawa. Masu hali suna da inji mai karkarwa da ke kaɗa ruwan a ciki. Marasa shi suna da abin da ke kowane ɗakin haƙori: tsinken gutaperka da za a yi cikon da shi. A sa shi a ramin da ke cike da jabel, a yi ta ɗagawa ana saukewa milimita biyu zuwa uku, wajen sau ɗari a minti. Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar ko dala, kuma yana tura sabon ruwa ƙasa. Da wannan kaɗai aka dage a kai a kowane asibitin gunduma, da an ga bambanci.

Tsoron da ke sa wasu gudun jabel yana da tushe, bai kamata a raina shi ba. In allura ta maƙale aka danna da ƙarfi, ruwan ba shi da hanyar dawowa sama, sai ya fita ta ƙarshen saiwa ya shiga nama. Abin da yake yi wa matacciyar jijiya shi zai yi wa rayayyen nama. Nan take mutum zai ji zafi mai tsanani ko da an yi masa allurar kashe zafi, jini ya ɓalle daga ramin, fuska ta kumbura cikin mintoci, washegari fata ta yi baƙi-baƙi har ƙarƙashin ido. Sai a tsaya, a kurkure da ruwan gishiri, a ba da maganin zafi, a ɗora sanyi a ranar farko, ɗumi a kwanakin baya, a riƙa duba shi kullum. Yawanci suna warkewa cikin makonni, wasu su daɗe da mutuwar jiki a wajen. In kumburin ya nufi ƙarƙashin harshe ko maƙogwaro, babban asibiti za a nufa ba jira. Kariyarsa sananniya ce: a auna tsawon ramin tukuna, a lanƙwasa allurar daidai inda za ta tsaya, a riƙa motsa ta, a danna a hankali da manuniya maimakon babban yatsa. A ƙara kula da haƙoran yara da saiwarsu ba ta rufe ba, da turamen sama da ke maƙwabtaka da kogon hanci.

Akwai kuma shimfiɗar roba da ake ɗaura wa haƙori ya leƙo shi kaɗai ta huda, wadda Sanford Barnum ya ƙirƙiro a New York tun 1864. Tana hana jabel sauka a harshe da maƙogwaro, tana hana yawu komawa ramin da ake wankewa, tana tare ƙarfe in ya suɓuce. Ga mai azumi ma natsuwa ce, ba abin da zai wuce. Inda babu ita, ma'aikaci na tsoron zuba ruwa da yawa, sai ya rage, ko ya koma ruwan gishiri. Ta nan rashin ɗan yankin roba ke zama rashin wanki.

Wajibi ne in faɗi wannan ƙarara: duk abin da na bayyana aikin likita ne a ramin da aka buɗe, aka auna, aka killace. Kada kowa ya ɗiga jabel a kogon haƙorinsa a gida. Ba zai kai jijiya ba, dasashi da kumatu zai ƙone, kamar yadda ruwan batir da ƙwayar asfirin da ake dannawa a kogo ke yi. Kanumfari na iya rage zafi zuwa safiya, ba ya warkarwa.

Likitocin haƙori a Kamaru yawancinsu suna Yawunde da Duwala, na Chadi suna Njamena. Mutumin Mokolo ko Gidar ko Bongor da ya yarda a ceci haƙorinsa ya biya kuɗin mota, ya bar kasuwa ko gona, ya kuma biya kuɗin aikin da ya ninka na cirewa. Yana da haƙƙin tambaya, cikin ladabi: "Likita, da me za a wanke cikin? Za a sa robar nan?" Likitan kirki zai ji daɗin tambayar ya amsa. Shi ma mai haƙorin akwai nasa nauyin. Dattijon da ke duban agogo yana cewa "Ɗana, yi sauri, motar Yagwa ba ta jira," yana rage mintocin da ruwan zai zauna ne, turmi kuwa na iya cin awa guda ko fiye. In akwai mugunya, likita kan sa farin maganin kalsiyam a ramin, ya rufe da cikon wucin gadi, ya ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu. A nan ne da yawa ke ɓacewa, domin zafi ya tafi. Cikon wucin gadi na 'yan makonni ne. Yana zaizayewa, yawu ya sami hanya, bakteriyar baki ta sake cika ramin da aka sha wahalar wankewa, haƙorin da aka rarake kuma ya tsage a kan ƙashin nama ko tsakuwar tuwo. Wanda ya san ba zai iya dawowa ba ya faɗa wa likita tun a zaman farko, a tsara aikin a kan haka, ko a sa masa cikon da zai jure har bayan girbi.